Ɗura wa AC ɗin mota gas a gida: inda gwangwani ke aiki da inda yake jawo asara

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson titin Ahmadu Bello na Kaduna da ƙarfe biyun rana cikin watan Afrilu, gilasai a rufe, AC yana huro masa iska mai ɗumi kamar daga bakin tandar burodi, ya san maganar da ke fara faɗo masa a rai: gas ya ƙare. Haka kowa yake cewa. Shi ma mai gyaran AC haka zai ce maka, sau da yawa tun bai ɗaga bonet ba. Wannan kalma ta "ƙarewa" kuwa ita ce mafarin yawancin asarar da masu motoci ke tafkawa a kan sanyi, don ta sa muna kallon gas ɗin AC kamar fetur, abin da ake zubawa ya ƙone a sake zuba wani.

Wata Asabar da safe a bazarar bara na fito na tarar da maƙwabcina ya buɗe bonet ɗin Corolla ɗinsa 'yar Kwatano a ƙofar gida. Ya jingina waya a kan batir, wani Bature yana ta bayani a bidiyo. Gefe ga gwangwanin gas biyu da ya sayo a Oriakpata, da guntun tiyo shuɗi mai ɗan geji guda ɗaya da aka shafa wa fuskarsa kore da ja. "Malam, zo ka tsaya mini a kan totur," in ji shi. "Minti goma aka ce. Na gaji da kai wa mutanen nan kuɗi duk wata uku."

Ban ga laifinsa ba. Kuma ana iya yin wannan aiki a gida, amma a hali guda ɗaya tak, kuma mai kai kuɗi duk wata uku ba ya cikin wannan halin. Dalilin ba zai fito ba sai an leƙa abin da ke gudana a cikin bututan.

Dabarar tsohuwa ce, ita ce dai ta randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, a bushewarsa yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Haka gumi yake yi a jikin mutum idan iska ta kaɗa. Duk ruwan da zai koma tururi sai ya ci zafi daga abin da ke kusa da shi. Abin da muke kira gas ɗin AC, wanda a yawancin motocin da ke yawo a Kaduna sunansa R-134a, wani ruwa ne da ke tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili idan an bar shi a sake. In aka matse shi kuwa, sai ya zauna a ruwansa ko da ana zafin digiri 40. Aikin AC gaba ɗaya wasa ne da wannan ɗabi'a: a matse shi a gaban mota ya amayar da zafi, a sake shi a cikin mota ya kwashi wani.

Kwamfireso, wanda bel ɗin inji ke juyawa, shi ke zuƙo tururin ya matse shi, ya fito da zafi zau. Daga nan ya shiga kwandensa, faffaɗan abin nan mai kama da lagireto da ke tsaye a gabansa, inda iskar tafiya da fanka ke hure zafin har tururin ya koma ruwa. Ruwan ya bi ta diraya, 'yar gora mai ƙananan tsakuwoyi masu shanye danshi, sannan ya isa wani matsattsen bawul da ke sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ebaforeta, wadda ke ɓoye can cikin dashbod. A nan matsin ya faɗi, ruwan ya tafasa, ebaforeta ta yi sanyi ƙarara, fankar ciki ta huro iska ta jikinta zuwa fuskarka. Tururin ya koma wa kwamfireso, a sake sabon zagaye. Ruwan da kake gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota bayan ka yi fakin raɓa ce da ta taru a jikin ebaforeta, alamar lafiya ce ma.

Babu salansa a wannan zagaye, babu inda gas ke ƙonewa. Wanda aka zuba a masana'anta shi ne zai yi ta kewayawa. Gaskiya ne tiyo da robobin mahaɗa suna ɗan sakinsa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, shi ya sa tsohuwar mota za ta iya neman ƙari ba tare da wani abu ya huje ba. Amma motar da aka cika bayan ƙaramar salla ta daina sanyi kafin babbar salla, wannan yoyo take yi, kuma duk gwangwanin da aka ƙara mata ɗiban ruwa ne da kwando.

Abu na biyu da ba a cika gaya wa mai mota ba shi ne, gas ɗin AC da nauyi ake auna shi. Ɗaga bonet ka duba, ko a jikin murfin ko a kan ƙarfen da ke saman lagireto, za ka ga wata 'yar takarda a manne mai ɗauke da sunan gas da yawan da motar ke ci. Ƙananan motoci yawanci tsakanin giram 400 ne zuwa 600, manya masu AC na baya irin su Sienna sun fi haka. Gwangwanayen maƙwabcina giram 340 ne kowanne. Ka ga ke nan biyun sun fi ƙarfin Corolla ko da babu ko ɗigo a cikinta, balle da saura.

To me zai hana geji ya gaya maka ta cika? Tambayi uwargida. Tukunyar gas ɗin girki mai kilo 12.5, wutar da take bayarwa ranar da aka ciko ta ita ce take bayarwa bayan ta yi rabi, sai ta zo gangara sannan wutar ta fara langaɓewa. Shi ya sa a gidan gas kan sikeli suke ɗora ta. Muddin da sauran ruwa a ciki, matsin da ke samansa zafin gari ne ke yanke shi, yawan ruwan ba shi da ta cewa. Haka R-134a yake. Mota a kashe, inji ya huce, gari yana digiri 30, geji zai nuna wajen psi 97 (psi shi ne ma'aunin matsi) ko AC a cike yake ko saura kwata. A digiri 40 zai haura 130. Wannan lamba amfaninta ɗaya ne, ta gaya maka ko akwai wani abu a ciki ko wayam ne.

Idan aka tayar da inji aka kunna AC, tsarin yana rabuwa gida biyu. Akwai ɓangaren ƙaramin matsi, bututu mai kauri mai sanyi, akwai na babban matsi, siririn bututu mai zafi. Na farko yakan zauna tsakanin psi 25 zuwa 45, ya ɗan haura a tsananin zafi. Na biyu daga 150 har kusan 300 a ranar da gari ya ɗau wuta. Gejin gwangwani ɓangare ɗaya kawai yake gani, ƙaramin, alhali labarin cikawa fiye da kima a babban ɓangaren yake fara fitowa. Koren da aka shafa masa kuma bai san bambancin safiyar Janairu da azahar ɗin Afrilu ba. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, motoci da yawa na wannan zamani suna da kwamfireso mai ƙara wa kansa ƙarfi ya rage, wanda aikinsa ke nan ya riƙe ƙaramin matsi a wuri guda. A irin wannan mota za ka juye gwangwani guda allura ba ta yi wani motsin kirki ba, ka ce bai isa ba, ka fasa na biyu.

Mu kuma mun saba da cewa abu in ya yi yawa ya fi auki. A AC ba haka ba ne. Gas in ya yi yawa sai ruwansa ya mamaye kwandensa, wurin zubar da zafi ya ragu, babban matsi ya yi sama, sanyi ya ja baya, inji ya riƙa nishi, fetur ya ƙara gudu. Sai makunnin tsaro ya riƙa yanke kwamfireso, ka ji yana kamawa yana saki. In abin ya tsananta ruwa ya kwararo cikin kwamfireso, shi kuwa tururi aka ƙera shi ya matsa, ruwa ba ya matsuwa.

In gas ya yi kaɗan kuma wata rigimar ce, kuma ita ta fi cin kuɗi. Man da ke shafe kwamfireso a cikin gas ɗin yake yawo, gas ne ke ɗaukarsa ya zagaya da shi ya dawo da shi gida. Da zarar gas ya ragu sai man ya kwanta a ebaforeta da bututai, kwamfireso ya yi ta gudu a bushe har ya ci kansa, ya watsa baƙin garin ƙarfe ko'ina. Daga nan magana ta tashi daga kuɗin gwangwani ta koma kwamfireso da kwandensa da diraya da bawul, don ramukan kwandensar zamani sun yi ƙanƙanta, wanki ba ya fitar da garin duka. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suka sa makunnin da ke hana kwamfireso tashi idan matsi ya faɗi. Duk mai wayarin da ya ce maka, "Yallaɓai, bari a yi masa dairek ya riƙa kamawa," mai gadi yake so ya kora saboda ya cika hana mutane shiga.

Kafin ma a zo maganar gas, akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana zuba mana ƙura, ita kuwa kwandensa ita ce a sahun gaba, komai ita yake fara samu: ƙura, ƙwari, ledar fiyawota. Idan AC yana sanyi a hanyar Zariya amma da ka tsaya a cunkoson Kawo sai ya koma ɗumi, fara zargin fanka da dattin kwandensa. Kunna AC ka leƙa, fankar gaba ya kamata ta tashi. Wanke kwandensa da ruwan tiyo a hankali, kada ka bari yaron gidan wankin mota ya kafa mata bindigar ruwan nan mai ƙarfi daga kusa, tana kwantar da siraran haƙoranta. Idan iskar tana da sanyi amma ba ta da ƙarfi, ciro matatar iska da ke bayan akwatin dashbod a yawancin motoci. Akwai masu mota da ba su ma san da ita ba, sai an ciro ta su ga ta koma kamar tabarmar da aka manta a tsakar gida. Sai fiyus da rile, sai kuma ka saurari ƙarar "ƙas" da kulocin kwamfireso ke yi idan ya kama, a motocin da ke da shi.

Sannan wane gas? Tsofaffin Fijo 504 da 505 da aka haɗa a Kakuri, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, R-12 suke sha. An gano yana cinye lemar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, zuwa wajen 1994 masu ƙera motoci sun koma R-134a. Shi ma daga baya aka ga yana riƙe zafi a sararin sama ninki 1,430 na iskar kabon, wato gwangwani ɗaya na giram 340 da ya zurare kusan rabin tan ne na hayaƙi. Tun daga 2017 Tarayyar Turai ta hana sa shi a sababbin motoci, aka koma R-1234yf, Amurka ma ta bi. Waɗannan motoci sun fara shigowa kasuwarmu a matsayin Beljiyam. Bakin da ake ɗura musu daban ne, gas ɗinsu ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana ɗan kama wuta. Ba a gauraya waɗannan ukun, kuma takardar ƙarƙashin bonet ita ce alƙali.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne jabu. Rubutun jikin gwangwani ko tukunyar kilo 13.6 ba rantsuwa ba ne. Ana samun wanda aka sirka da R-22 na AC ɗin ɗaki, mai matsin da ya fi ƙarfin tiyon mota. Akwai masu zuba R-600a na firij, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne, a motar da ebaforetarta ke gaban gwiwar fasinja, kwandensarta kuma ita ce farkon abin da ke fashewa a karo. Mafi muni shi ne R-40, wanda ke cin alminiyam ya haifar da wani sinadari mai kama wuta da ya haɗu da iska. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa da aka ɗura wa irin wannan jabun sun fashe a Biyetnam da Brazil, mutum uku suka rasu. Bututan motarka da kwamfiresonta alminiyam ne. A gida ba ka da na'urar tantance gas, abin da kake da shi biyu ne: farashi, in ya yi araha fiye da hankali ka ajiye, da kuma geji. Gwangwanin da ya huta a inuwa mai digiri 30 ya kamata ya nuna wajen psi 97, R-22 kuwa a wannan zafin yana haura 150. Gwajin yana kama wasu, ba ya kama wanda aka haɗa da wayo don matsinsa ya yi kama da na gaske.

To wane ne zai iya yi a gida? Wanda AC ɗinsa ya yi shekaru ba a taɓa shi ba, sanyin ya riƙa ja baya sannu a hankali, kwamfireso yana tashi har yanzu, geji ya nuna akwai matsi mota a kashe, babu tabon mai a ko'ina, takarda kuma ta ce R-134a. Wannan mutumin ciko yake nema, kuma ga yadda ake yi.

A fili, a inuwa, da tabarau da safar hannu. Wannan ba tsirfa ba ce: ruwan da ke tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili in ya fantsama yana ƙona fata kamar wuta, in ya samu ido yana iya tafiya da shi. Nemi bakin da ke kan bututu mai kauri, murfinsa yana da harafin L. Mai harafin H ba ruwanka da shi, matsinsa in ya koma cikin gwangwani zai iya fasa shi a hannunka. An yi bakunan da girma daban-daban da gangan, in kan tiyo ya ƙi shiga to ka yi kuskuren baki ne, kada ka tilasta. Ɗora gwangwanin a ƙaramin sikelin kicin ka rubuta nauyinsa. Saki ɗan gas kaɗan ta tiyon ya kori iskar da ke ciki, sannan ka maƙala. Tayar da inji, AC a ƙarshen sanyi, fanka a ƙarshe, gilasai a buɗe don kwamfireso ya ci gaba da aiki. Riƙe gwangwani a tsaye, kada ka kifa shi, kifawa ruwa take aika wa kwamfireso. Buɗe daƙiƙa biyar zuwa goma ka rufe, ka jira minti guda, ka karanta geji a rufe, ka taɓa bututu mai kauri. In ya yi sanyi har yana gumi, an kusa. Rufe gilasai, danna maɓallin juya iskar ciki, sa ma'aunin zafi a hancin iska na tsakiya, ka ba shi minti biyar. Digiri 5 zuwa 10 lafiya ce, da azahar ɗin Afrilu yakan ɗan fi haka. Da ka ga ƙari ya daina kawo sauyi, tsaya. In ka zuba rabin gwangwani babu wani canji, matsalarka ba gas ba ce, rabin da ya rage ba zai warware ta ba.

Gwangwanin zai yi sanyi a hannunka ya rage gudu. Tsoma gindinsa a ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki. Ban da wuta, ban da ɗora shi a kan inji, ban da taba sigari a kusa, don gas ɗin in ya ratsa wuta yana komawa hayaƙi mai guba. Kuma kada a bar shi a cikin mota a rana. Ba a son ya wuce digiri 50, dashbod ɗin motar da aka ajiye a filin Kasuwar Barci da rana tsaka kuwa ya wuce nan.

Idan geji ya nuna sifili, ko an kwance wani bututu, ko dutse ya huda kwandensa, gwangwani ya tashi daga aiki. Inda gas ya fita iska ta shiga, kuma ta shiga da danshi. Iska ba ta komawa ruwa a kwandensa, sai ta tare wuri ta ɗaga matsi. Danshi kuwa ya fi ta ɓarna. Man AC na R-134a, wanda ake kira PAG, yana shan danshi kamar gishiri a damina, haɗuwarsu tana haifar da tsami mai cin ƙarfe daga ciki. Ɗigon ruwa ɗaya kuma ya isa ya daskare a bakin bawul ya toshe shi, shi ne za ka ga AC ya yi sanyi minti goma ya ɗauke, ka kashe ya huta ya dawo. Maganin wannan famfon zuƙe iska ne, abin da masu sana'ar ke kira bakyum. Idan aka zuƙe iskar sosai, ruwa yana tafasa a zafin gari ya fita a tururi. Aƙalla rabin awa famfon yana aiki, sannan a rufe a zuba wa allura ido na wani lokaci, in ta dawo sama akwai yoyo. Wani ɗan ƙarin bayani ga mai son sa ido: littattafai suna cewa allura ta kai inci 30 ƙasa da sifili, amma wannan a bakin teku ne. Kaduna tana sama da teku da wajen mita 600, a nan wajen 28 za ta tsaya, kada ka ce famfon mutum ne ba shi da kyau.

Ni kaina na sha wannan. Shekarun baya tsakuwa ta huda mini kwandensa a hanyar Abuja, na kai wani gareji aka sa sabuwa. Lokacin da za a ɗura gas babu wuta, janareto kuma ba mai. Sai mai gyaran ya buɗe tukunya ta baki ɗaya ya danne ɗaya bakin da sukudireba, abu ya yi "fuuu" na ɗan lokaci. "Alhaji, gas ɗin da kansa zai kore iskar," in ji shi. Ya ɗura da ido, ya kama hannuna ya kai hancin iska: "Ji nan, kamar firij." Kuma wallahi kamar firij ɗin ne, a ranar. Tsohuwar diraya da ta kwana biyu a buɗe cikin watan Agusta ita aka bari, ni kuma ban san in tambaya ba. Kafin bazara ta zagayo kwamfireso ya fara kuka. Na san akwai masu haɗa famfo da tsohon kwamfireson firij, irin basirar da Panteka ta yi suna a kai, kuma ya fi babu. Sai dai ba ya zuƙa har inda danshi zai fita duka.

Neman yoyo kuwa, a nan ƙurar Kaduna take yi mana rana. Duk inda gas ya fita yana fita da ɗan mai, ƙura ta manne a wurin, ka ga baƙin tabo mai maiƙo a kusurwar kwandensa, ko inda aka matse tiyo da ƙarfe, ko a bayan kulocin kwamfireso, ko a mahaɗar bututai inda robar zobe ta bushe. Kaɗa ruwan omo ka shafa, in akwai matsi a ciki zai yi kumfa. Kada ka manta da bakunan ɗurawar kansu, akwai ɗan bawul a ciki irin na taya, shi ne gyara mafi araha, kuma murafansu ba ado ba ne, suna cikin abin da ke riƙe gas. Masu kayan aiki suna zuba rini mai haske a ƙarƙashin wata fitila ta musamman, ko su matse tsarin da busasshiyar iskar naitirojin. Iskar mai faci danshi ce zalla. Iskar oksijin ta mai walda kuwa ko da wasa, haɗuwarta da mai a ƙarƙashin matsi fashewa ce. In an duba ko'ina ba a gani ba, saura ebaforeta, kuma a motoci da yawa sai an sauke dashbod gaba ɗaya kafin a kai gare ta. Wannan aikin ne mutane ke gudu har su faɗa wa gwangwanin da aka ce yana da maganin toshe yoyo. Ni ba na ba da shawararsa. Irin wanda ke daskarewa idan ya gamu da danshi bai san bambancin huji da bakin bawul ba, garin neman gira a rasa ido.

Masu motoci masu haɗa batir da fetur, irin su Prius, su yi nesa da gwangwanin da aka sirka da mai. Kwamfiresonsu na lantarki ne mai ƙarfin wuta sosai, yana da mansa na musamman da wuta ba ta bi ta cikinsa, PAG kuwa kaɗan ya isa ya lalata wannan kariya.

Saboda haka ni abin da nake dubawa a wurin mai AC uku ne, tun kafin mu yi ciniki: geji mai fuska biyu, shuɗi da ja, famfon bakyum da wutar da za ta juya shi, da sikeli. In ya ɗaga bonet ya nemi takarda kafin ya ɗauko tukunya, na zauna. Bayan an gama a sa sabuwar diraya in an buɗe tsarin, a mayar da man da ya fita da irin wanda motar ke sha. Da hunturu kuma, lokacin da ba mai waiwayar AC, a riƙa kunna shi minti goma a mako don mai ya zagaya robobi kada su bushe. Da damina ma shi ne ke share hazon da ke rufe gilashin gaba.

Ranar nan ban hau totur ɗin maƙwabcina ba. Na ce ya kawo ruwan omo a kofi da tsohon buroshin haƙori. Ba mu yi minti biyar ba muka ga tabon, a ƙasan tiyon da ya fito daga kwamfireso, daidai inda aka matse shi da ƙarfe, ƙura ta yi masa kauri kamar an shafa kwalli. Ya shafa ruwan, kumfa ta taso ƙanana-ƙanana. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wato duk zuwan da nake yi ba wanda ya sunkuya nan." Ranar Litinin aka canza tiyon da diraya, aka zuƙe iska, aka ɗura abin da takarda ta ce a kan sikeli. Gwangwanayen biyu suna nan a sitonsa har yanzu, bayan buhun masara. Na ce ya mayar ko ya sayar, ya ce a bari tukuna a ga yadda wannan bazarar za ta kaya.